Auna halayen lantarki na dasashi

Auna halayen lantarki na dasashi wata hanya ce ta bincike a fannin likitancin haƙori, inda ake tura wutar lantarki 'yar ƙanƙanuwa ta cikin dasashi ko naman da ke kewaye da haƙori, sannan a auna yadda naman ya tare ta, ko ya bar ta ta wuce, ko ya riƙe ta na ɗan lokaci. Dasashi, wanda wasu ke kira dadashi, shi ne naman da ya lulluɓe ƙashin muƙamuƙi ya kuma rungumi wuyan haƙora. Wutar da ake amfani da ita ba ta wuce 'yan maikuro-amfiya ba, wato kaso kaɗan daga cikin miliyan na amfiya ɗaya, shi ya sa wanda ake aunawa ba ya jin komai.

Abin da na'urar take karantawa a zahiri abu uku ne: yawan ruwan da ke cikin naman, gishirin da ya narke a ruwan, da kuma yadda ƙwayoyin halittar naman suka manne da juna. Duk ukun suna canjawa idan dasashi ya kumbura, a nan ne masu bincike suka hango amfanin hanyar. Wasu na'urorin da aka gina a kan wannan ilimi sun daɗe da zama kayan aiki na yau da kullum, wasu kuwa har yanzu suna ɗakin gwaji.

Yadda nama yake ɗaukar lantarki

A cikin waya, ƙwayoyin elektron ne ke ɗaukar wuta. A jikin mutum kuwa aikin na sinadaran gishiri ne da suka narke a ruwan jiki, irin su sodiyam, potasiyam da kuloraid, waɗanda kowannensu yake ɗauke da caji. Saboda haka duk inda ruwa mai gishiri ya yi yawa, kamar jini da yawu, wuta tana wucewa cikin sauƙi. Inda ruwa ya yi ƙaranci, kamar farin ɓawon haƙori, da kyar take ratsawa.

Ƙarfin da abu yake da shi na tare wuta shi ake kira turjiya, ana kuma auna ta da ma'aunin om (Ω), sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idarsa a shekarar 1827. Sai dai turjiya kaɗai ba ta isa ta bayyana nama mai rai ba. Kowace ƙwayar halitta tana naɗe cikin wani siririn tantani mai maiƙo wanda ba ya barin gishiri ya ratsa shi kai tsaye. Idan wuta ta iso wurinsa sai caji ya taru a gefensa biyu, ya zama kamar ƙaramin ma'ajin caji. Wannan hali shi ne riƙon caji. Haɗuwar turjiya da tasirin riƙon caji ita ce impidans, kalmar da Oliver Heaviside na Ingila ya ƙirƙira a shekarar 1886.

Don a ga tasirin tantanin, ba a amfani da wuta mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. Ana amfani da mai kai da komowa, irin wadda ke zuwa gidaje. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz 50. Na'urar bincike kuwa tana iya farawa daga juyi ƙasa da ɗari ta haura zuwa dubban ɗaruruwa ko miliyoyi a daƙiƙa, tana ɗaukar awo a kowane mataki.

Ana iya kwatanta lamarin da tsohuwar unguwa a cikin birni. Ƙwayoyin halitta su ne gidaje, tantaninsu shi ne katanga, ruwan da ke tsakaninsu kuma shi ne lungu. Wuta mai jinkirin juyawa ba ta iya tsallake katanga, dole ta bi lungu-lungu. Idan gidajen sun matse, hanyarta ta yi tsawo ta yi ƙunci, impidans ya hau. Wuta mai saurin juyawa kuwa tana ratsa katangar ta bi ta cikin gidajen, don haka cunkoson bai cika damunta ba. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne ke nuna yadda ginin naman yake.

Idan dauɗar haƙori ta taru a bakin dasashi, ƙwayoyin bakteriya da ke cikinta suna tayar da garkuwar jiki. Ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama, mahaɗan da ke riƙe ƙwayoyin fatar dasashi su saki. Lungunan sun faɗaɗa ke nan, sun kuma cika da ruwa. Abin da ake tsammani a irin wannan hali shi ne impidans ya sauka, musamman a awon da aka yi da wuta mai jinkirin juyawa.

Tarihi

Tushen ilimin ba daga baki ya fara ba, daga jini ne. Tsakanin 1910 da 1913 Rudolf Höber a Jamus ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin jini suna tare wuta mai jinkirin juyawa amma suna barin mai sauri ta wuce, wanda ya zama hujja cewa ƙwayar tana da tantani. A shekarar 1925 Hugo Fricke a Amurka ya auna riƙon cajin wannan tantani, daga nan ya ƙiyasta kaurinsa da kusan nanomita 3, shekaru da yawa kafin a sami madubin da zai iya nuna shi. Kenneth Cole ya samar da lissafin da har yau ake bayyana sakamakon awon da shi. A 1957 Herman Schwan na Jami'ar Pennsylvania ya raba yadda halayen nama ke canjawa da saurin juyin wuta gida uku, ya kira su alfa, beta da gama. Na tsakiyar, beta, shi ne wanda tantanin ƙwayoyi ke haddasawa, kuma shi ya fi shafar binciken dasashi.

Na'urar gano ƙarshen saiwar haƙori

Nasara mafi girma da wannan fanni ya samu a likitancin haƙori ta zo ne ta wata tambaya ƙarama. Idan jijiyar haƙori ta ruɓe, likita yana share ramin da ke cikin saiwar ya cike shi, maimakon ya cire haƙorin. Dole ya san inda ramin ya ƙare. In ya tsaya kafin ƙarshe ya bar ƙwayoyin cuta a ciki, in ya zarce ya soki naman da ke riƙe haƙori a cikin ƙashi. Kuskuren milimita ɗaya yana iya ɓata aikin.

L. E. Custer ne ya fara ba da shawarar amfani da lantarki a kan wannan a 1918. A 1942 wani mai bincike ɗan Japan mai suna Suzuki ya gano a jikin karnuka cewa turjiyar da ke tsakanin naman da ke riƙe saiwar haƙori da fatar cikin baki kusan ɗaya ce a ko'ina. Imao Sunada ya ɗora a kan wannan a 1962, ya nuna cewa a jikin mutum adadin ya kai kimanin om 6,500, ba tare da la'akari da shekarun mutum ko irin haƙorin ba. Sai ya haɗa na'ura mai waya biyu: ɗaya a rataye a leɓe, ɗaya a maƙale da siririn ƙarfen da ake zurawa cikin saiwa. Da zarar allura ta nuna wannan adadi, an san bakin ƙarfen ya iso nama.

Na'urorin farko suna da rauni babba. Idan akwai jini, mugunya ko ruwan wanki a cikin ramin, sai su nuna an iso alhali da saura. Chihiro Kobayashi da Hideaki Suda na Tokyo sun magance matsalar a farkon shekarun 1990 ta hanyar auna impidans a saurin juyi biyu a lokaci guda, sannan a raba ɗaya da ɗaya. Ruwan da ke cikin ramin yana shafar awon biyu kusan daidai, don haka tasirinsa yana raguwa sosai a sakamakon rabawar. Na'urar Root ZX ta kamfanin J. Morita, mai aiki da Hz 400 da Hz 8,000, a kan wannan dabara aka gina ta. A yau irin waɗannan na'urori suna cikin kayan aikin da aka saba gani a asibitocin haƙori a duniya, kuma sun rage yawan hoton eksire da ake ɗauka yayin aikin.

Auna ruwan dasashi

Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan kwarmi, wanda zurfinsa a lafiyayyen baki yake tsakanin milimita 1 zuwa 3. Wani ruwa yana tsattsafowa daga cikinsa. Brill da Krasse sun nuna a 1958 cewa daga jini yake fitowa, bayan sun yi wa karnuka allurar wani rini suka kuma same shi a cikin kwarmin. Yawan ruwan yana ƙaruwa idan dasashi ya kumbura, sau da yawa tun kafin ido ya ga ja ko jini. Matsalar ita ce ƙanƙantarsa, domin abin da ake samu a wuri ɗaya yawanci bai kai maikurolita ɗaya ba.

Na'urar Periotron, wadda ta fito a shekarun 1970, tana auna shi ta hanyar riƙon caji. Ana tsane wurin, a kare shi daga yawu da auduga, a sa bakin wata 'yar siririyar takarda a cikin kwarmin na kimanin daƙiƙa 30, sannan a matse takardar tsakanin faifan ƙarfe biyu na na'urar. Ruwa yana da ƙarfin riƙon caji kusan ninki 80 na iska, busasshiyar takarda kuwa ninki biyu zuwa uku kacal, saboda haka ko ɗan danshi kaɗan yana motsa lambar. Kafin a fara aiki, mai bincike yana ɗiga ruwan da ya san yawansa a kan takardu don ya san abin da kowace lamba take nufi. Duk takardar da jini ko yawu ya taɓa jefar da ita ake yi. A nan ba naman ake aunawa kai tsaye ba, abin da ya fitar ake aunawa, amma babu wani awon lantarki da ya shiga binciken cutar dasashi kamar wannan.

Ƙwayoyin dasashi a ɗakin gwaji

Akwai kuma awon da ake yi ba a bakin mutum ba. Ana rainon ƙwayoyin fatar dasashi a kan wata 'yar matata har su haɗe su zama shimfiɗa guda, a sa ruwa sama da ƙasa, a tsoma ƙarfen awo a kowane ɓangare. Idan ƙwayoyin sun manne sosai turjiya tana hawa. Da wannan hanya aka nuna cewa Porphyromonas gingivalis, ɗaya daga cikin manyan bakteriyar cutar dasashi, tana fitar da sinadarai masu narkar da furotin ɗin da ke ɗaure ƙwayoyin, sai turjiya ta faɗi. Haka ake gwada ko wani magani ko ruwan kurkure baki yana ƙarfafa wannan shinge ko yana lalata shi.

Awo kai tsaye a cikin baki

Burin da ya fi jan hankali shi ne a ɗora na'ura a kan dasashin mutum, cikin daƙiƙa kaɗan ta faɗi halin da naman yake ciki ba tare da an yanka ko an soka ba. A shekarun 1990 Stig Ollmar da Ingrid Nicander na Cibiyar Karolinska a Suwidin sun auna impidans a wurare daban-daban na lafiyayyen baki, suka tarar kowane wuri da nasa adadin. Dalilin yana cikin ginin naman. Dasashin da ya manne da ƙashi, da kuma ganɗa, suna da rufi mai tauri na sinadarin keratin, irin wanda ke saman fata. Cikin kumatu da ƙarƙashin harshe ba su da shi. Don haka ba a kwatanta awon dasashi da na kumatu, sai dai da dasashin da ke daidai wurin a ɗaya gefen bakin.

A Jami'ar Sheffield ta Ingila, Brian Brown da abokan aikinsa sun ƙera wata na'ura mai kama da alƙalami don gano canjin da ke gabatar sankarar bakin mahaifa, wadda daga baya ta shiga kasuwa da sunan ZedScan. A 2014 Craig Murdoch da wasu a jami'ar suka wallafa gwajin wannan dabara a cikin baki. Sun sami bambanci tsakanin awon naman da ke da sankara ko ya kusa zama ita, da na lafiyayyen nama. Wannan sakamako ne na matakin bincike. Har yanzu yanko ɗan nama a duba shi a madubin likita shi ne ke tabbatar da sankarar baki.

Haƙorin kansa ma ana auna shi. Lafiyayyen ɓawon haƙori yana da turjiya mai yawa, idan ya fara ruɓewa sai ya yi ƙananan ƙofofi da yawu ke cikawa, turjiyar ta sauka. Na'urar CarieScan da ta samo asali daga Dundee a Sikotilan da wannan take aiki.

Abubuwan da ke ɓata awo

Baki wuri ne mai wuyar awo, kuma yawu ne babban abokin gaba. Tun da ruwa ne mai gishiri, idan ya kwanta a saman dasashi sai wutar ta bi ta cikinsa ta bar naman, na'urar ta ƙare da auna yawu. In kuma aka busar da wurin fiye da kima, an canja abin da ake son aunawa. Matsi ma haka: danna na'ura da ƙarfi yana korar jini da ruwa daga wurin, lambar ta hau, don haka mutum biyu suna iya auna wuri ɗaya su sami sakamako biyu. Zafi yana ƙara gudun wuta a ruwan jiki da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Cikon ƙarfe ko hular ƙarfe a haƙorin da ke kusa na iya karkatar da wutar.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan ɓuya. A daidai inda ƙarfe ya taɓa nama mai danshi, caji yana taruwa ya samar da nasa impidans ɗin, wanda a wuta mai jinkirin juyawa yana iya fin na naman girma. Maganin da aka saba shi ne amfani da ƙarafa huɗu maimakon biyu: biyu su tura wuta, biyu su karanta ƙarfinta ba tare da sun ja wani abin kirki ba. Sai dai jera ƙarafa huɗu a kan dasashi mai faɗin 'yan milimita, mai lanƙwasa, da ƙashi dab a ƙarƙashinsa, aiki ne ja.

Ko an shawo kan duk waɗannan, saura tambayar fassara. Saukar impidans tana nuna ruwa ya ƙaru ko ƙwayoyi sun saki juna, amma ba ta faɗin dalili. Dauɗar haƙori na iya jawo hakan, haka juna biyu, haka rauni daga buroshi ko asuwaki, haka wasu magunguna. Idan aka duba da kyau, na'urorin da suka yi nasara su ne waɗanda aka yi wa tambaya guda mai iyaka: ƙarfe ya iso nama ko bai iso ba, takarda ta jiƙe da yawa ko kaɗan. Tambayar ko dasashin nan yana da cuta, wace iri, kuma ina ta dosa, ta fi ƙarfin lamba ɗaya.

Shi ya sa har yau ma'aunin da ake dogaro da shi ɗan siririn ƙarfe ne mai zanen milimita, wanda likita ke zurawa a kwarmin dasashi a hankali ya ga zurfinsa, ya kuma ga ko zai yi jini. Irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yana da ɗan dunƙule mai faɗin rabin milimita a baki, da baƙin zane daga milimita 3.5 zuwa 5.5. Ba ya buƙatar batir. Rauninsa shi ne yana nuna ɓarnar da ta riga ta faru ne, kuma sakamakonsa ya danganta da hannun mai riƙe shi. Wannan giɓi ne masu binciken lantarki suke neman cikewa.

Alaƙa da lafiyar baki a ƙasar Hausa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa cutar dasashi mai tsanani tana damun kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya. Ita ce kan gaba wajen sa haƙoran manya su yi girgiɗi su zube.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar akwai abin da ya fi zubar haƙori muni, wato cutar noma, wadda ake kuma kira zaizayar baki. Sunan yana rikita masu jin Hausa, har wasu su zaci tana da alaƙa da aikin gona. Dace ne kawai: kalmar daga Girkanci take, daga tushen da ke nufin kiwo ko cinyewa, saboda yadda ciwon ke cin nama yana yaɗuwa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kumatu ta kai ga ƙashi. Ƙiyasin da hukumar ta yi a 1998 ya nuna yara 140,000 ne ke kamuwa a shekara, kuma kusan tara cikin goma suna mutuwa idan ba a yi magani ba. An buɗe asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana tallafa masa tun 2014. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan wurare masu zafi da aka yi sakaci da su, hukumar ta amince a ranar 15 ga Disamba, 2023.

Kumburin da ke buɗe wa noma ƙofa shi ne irin canjin da awon lantarki yake iya gani, don haka yana da sauƙi a yi tunanin wata 'yar na'urar hannu da za ta gano shi da wuri. Amma matakan cutar da hukumar ta tsara, daga sifili zuwa biyar, da ido da hanci ake gane su. Matakin sifili kumburin dasashi ne na yau da kullum, wanda ke jini in an taɓa shi. Mataki na ɗaya dasashi ya fara gyambo, yana zubar da jini da kansa, baki yana ɗoyi, yaro yana dalalar da yawu yana ƙin abinci. Na biyu fuska ta kumbura. Har zuwa nan, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftace baki da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da ita. Daga na uku nama ya fara mutuwa, abin da ya ɓace kuma sai tiyata.

A yankin karkara mai cunkoson ƙauyuka irin na ƙaramar hukumar Gezawa, arewa maso gabashin birnin Kano, wanda ya fara ganin bakin yaro yawanci uwa ce, sai mai kemis ko ma'aikacin ƙaramin asibiti. Ƙwararrun likitocin haƙori sun fi taruwa a cikin birni, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da tsangayar koyar da likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero suke. Shirye-shiryen yaƙi da noma sun fi mayar da hankali ga koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa buɗe bakin duk yaron da aka kawo da tamowa ko ƙyanda su duba dasashinsa, su kuma tura shi babban asibiti da gaggawa idan sun ga gyambo ko kumburin kumatu. A Najeriya an ware ranar 20 ga Nuwamba ta kowace shekara don wayar da kai a kan cutar.